Ina Jos Ina Teku?

Da daddare matar Yaya ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ki zo ki ji da 'yarki. Ta cike fom ɗin JAMB, wai makarantar jirgin ruwa za ta. Yau kwana uku babanta bai ci abincin kirki ba." Na tambayi sunan makarantar, ta ce tana wani gari wai shi Oron, can Jihar Akwa Ibom. Sannan ta faɗi maganar da na yi ta ji a bakin mutane har na baro garin: "Fisabilillahi, ina Jos ina teku?"

Ranar Asabar na shiga motar Jos daga Kano. Muka bi ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, muka tsaya shan shayi a Saminaka. Daga Jengre mota ta fara hawa, kunnuwana suka toshe, sanyin hunturu ya riƙa shigowa ta kafar gilashi har kowa ya lalubo rigar sanyi. Garin Jos yana zaune ne sama da mita 1,200 bisa doron teku, kuma tsakaninsa da tashar Apapa ta Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Duk wanda ya hau wannan tudu ba zai ga laifin matar Yaya ba. Ni ma da tambayarta a raina na sauka.

Yarinyar ce ta tarbe ni a ƙofar gida ta karɓi jakata. Shekararta 17, tana ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren kimiyya. Bayan sallar isha'i ta shigo ɗakin da aka sauke ni da wani littafin rubutu a hannunta, ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, kafin ki yi mini faɗa, don Allah ki duba wannan." Shafi-shafi ta rubuta abin da ake bukata: kiredit a Turanci da lissafi da fiziks, gwajin lafiya, gwajin ido har da na bambance launi, saboda da jar fitila da koriya jirage ke gane juna da dare. Ta rubuta cewa makarantar Oron tana ba da difloma a fannin tuƙin jirgi, da injiniyancin jirgi, da harkar sufurin ruwa. A wayar ƙawarta ta fara ganin wata mace sanye da farin kaya tana ba da umarni a ɗakin tuƙin wani ƙaton jirgi, tun daga ranar abin ya zauna mata. Ban yi mata faɗa ba. Na ce ta shirya, gobe za ta zaga da ni gari.

Da Taminus muka fara, domin sunan kansa labari ne. Wurin da layin dogo ya ƙare ke nan, kuma kuza ce ta jawo dogon. Tun farkon ƙarni na 20 Turawan Kamfanin Neja suka gano inda kuzar da Hausawa ke fatauci take fitowa, kamfanoni suka yi ca a kan tudun nan. Kafin jirgin ƙasa ya iso, a kan mutane ake ɗora kuza, a yi tafiyar kwanaki zuwa Loko a bakin Binuwai, a zuba a jirgin ruwa ya gangara Neja har teku. A 1914 ƙaramin dogon da ya taso daga Zariya ya kai Bukuru, a 1927 kuma babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso ta Kafanchan. Shekara talatin bayan haka, a 1957, aka rufe ƙaramin. Kawunan jiragensa suna nan ajiye a harabar gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Muka tsaya a gabansu, ta shafa ƙarfen da ya yi tsatsa, ta ce ta sha wuce su a zuwan makaranta amma ba ta taɓa tambayar ina suke kai kaya ba.

Teku suke kaiwa. Garin nan kaf ɗinsa, da Bukuru da Barikin Ladi da sauran barikokin kuza, sun ginu ne saboda akwai jirgi yana jira a bakin ruwa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Aka yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa da ƙarfin hukuma, abin da kakanninmu suke kira ɗiban gwamna. Da yawa sanyi da yunwa da ciwo suka kashe su a nan. A 1943 an fitar da sama da tan 17,000. Sai a farkon shekarun 1960 aka gina masana'antar narka kuza ta Makeri. Kafin nan ɗanyarta ake lodawa a kai Ingila. Kuma a tsoffin hotunan filayen haƙa, abin da ido ke fara kamawa shi ne layin mata, kowacce da kwanon sarki a ka, suna hawowa daga rami.

Daga gidan tarihi muka ɗauki keke-napep zuwa wajen Rayfield, inda ramukan da kamfanoni suka bari suka cika da ruwa suka zama tafkuna. Suna da kyaun gani, ruwan wani kore wani shuɗi, jar ƙasa ta tsaya a gefensu kamar ganuwa. Can gaba kaɗan, a bakin wani ƙaramin rafi, muka iske mata suna wankin kuza. Maza ne ke shiga loto, ramin nan mai zurfi da ake sauka da igiya, su turo ƙasa sama. Mata su ɗauka, su kai bakin ruwa, su yi ta tankaɗe da rairaya har yashi ya tafi, baƙin gari mai nauyi ya kwanta a gindin kwano. Na gaida wata dattijuwa 'yar ƙabilar Birom da ke zaune kan dutse tana duba aikin jikokinta. Na ce, "Sannu da aiki, Ngo," kamar yadda ake kiran iyaye mata a nan. Ta amsa da Hausarta tas, ta matsa mana wuri.

Mun fi awa ɗaya tare da ita. Uwarta ta yi dakon ƙasa a zamanin kamfani, ita ma ta yi tun tana budurwa, har kasuwar kuza ta faɗi a 1985 kamfanoni suka watse, aikin ya koma hannun masu loto. Ta nuna mini tsakiyar kanta inda gashi ya daina fitowa saboda gammo. Ta san kuza fiye da yadda na san tafin hannuna: da ɗaga kwano take gane mai kyau, da ido take raba ta da kwalambait. Sai 'yata ta tambaye ta, "Kaka, in an saya a hannunku ina ake kai ta?" Ta ce, "Mai sikeli ya kai wa mai inji, mai inji ya zuba a buhu, a sa a mota. An ce Legas. An ce daga can jirgi." Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin jirgin ba, uwata ma haka."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Sama da shekara ɗari matan tudun nan suna ciyar da jiragen ruwa da wuyansu. Su ne farkon sarƙar da ke ƙarewa a Liverpool jiya, a tashoshin Asiya yau. Amma daga sikeli zuwa gaba, inda ake rubuta nauyi, a yanka farashi, a cike takardar lodi, a biya kwastan, a yi inshora, a ɗauki hayar gurbi a jirgi, wato duk inda kuɗin yake taruwa, babu su. Ba ƙarfi suka rasa ba, ba kuma sanin kaya ba. Takarda ce ba a taɓa damƙa musu ba. Saboda haka da aka ce mini ina Jos ina teku, sai na ga ai Jos ta daɗe a cikin harkar teku tsundum. Abin tambaya shi ne a wane mataki 'ya'yanta mata za su tsaya a wannan karon.

Na ce "wannan karon" ne saboda abin da muka je gani washegari. In ka bar Bukuru ka kai Mararrabar Jama'a ka karya hagu kamar za ka Barikin Ladi, za ka iso Heipang, inda filin jirgin sama na Yakubu Gowon yake, da kwalejin fasaha ta jihar. A nan ne aka ware wa Filato tashar tsandauri. A 2006 gwamnatin tarayya ta amince da kafa irin waɗannan tashoshi guda 6: Ibadan, Isiala Ngwa, Kano, Funtuwa, Maiduguri da Jos, ƙarƙashin kulawar majalisar masu safarar kaya ta jiragen ruwa. Ma'anar tashar tsandauri ita ce a ɗauko bakin teku a kawo shi cikin ƙasa. Ɗan kasuwa ya sayi kaya a Guangzhou, a rubuta a takardar lodi cewa Kano ko Kaduna za a sauke, kwantena ta sauka a Legas ta wuce a rufe da hatiminta, sai a nan gida kwastan su buɗe su duba. Haka in fitarwa ne: a nan za a auna, a duba, a rufe.

Ta Kaduna da ke Kakuri, wadda ba ta cikin waɗannan shida, ita aka fara buɗewa, a Janairun 2018. Ta Dala da ke Zawaciki a Kano ta biyo baya a Janairun 2023, ta Funtuwa kuma a Mayun 2024. Lokacin da muka je, ta Heipang ba ta kai ga fara aiki ba. Muka tsaya a bakin hanya muna kallon shimfiɗaɗɗen fili, iska tana kaɗa busasshiyar ciyawa, duwatsu jere can nesa. Direban da ya kawo mu ya ce, "Hajiya, tun ina yaron mota nake jin za a buɗe." 'Yata ba ta ce komai ba, amma na ga jikinta ya yi sanyi.

Ni kuwa wani lissafi nake yi. Duk ranar da aka buɗe ƙofar nan, a mako guda za a nemi ejan masu fito da kaya, da masu cike Fom M, da masu sanin lambobin harajin kwastan, da akawun sito, da masu tuƙa injin ɗaga kwantena, da masu gyaran kwantena mai sanyi, da masu duba lafiyar amfanin gona kafin a fitar, da ma'aikatan inshora da banki. In ba a sami 'yan gida da suka iya ba, daga Apapa da Tin Can za a kwaso su, su zo da yaransu, 'yan gari su koma sayar musu da abinci a bakin get. Na ga alamar haka a wasu manyan ayyuka da aka kawo Arewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jinkirin nan da kowa ke kuka da shi, lokaci ne da za a iya horar da 'yan mata ɗari-ɗari, kuma wuraren horon ba su da nisa. Cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa tana Zariya tun 1986. Akwai majalisar da dokar 2007 ta kafa don yi wa masu fito da kaya rajista da tsara karatunsu. Kwalejin fasaha kuwa ga ta nan a Heipang ɗin kanta. Mafi yawan waɗannan ayyuka na tebur ne da kwamfuta, mace za ta yi su ta koma gidanta kafin magariba, da hijabinta ko da ɗankwalinta.

Kuma kayan da za a fitar, a hannun wa suke? Da asuba na leƙa kasuwar Farin Gada, na ga buhunan dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, da kabeji da karas da koren wake da tattasai, mata na ciniki da ƙarfin murya cikin hazo. Acca ma, wadda Turai da Amurka suka fara nema a 'yan shekarun nan, mata ne ke sussuka ta su surfa ta su wanke. Wata mai dankali ta gaya mini cewa in kasuwa ta cika, ko dai ta sayar a faɗuwa ko ta zuba wa ruɓa ido. Da a ce cikin 'ya'yan waɗannan mata akwai wadda ta san yadda ake haɗa kayan mutum ashirin a kwantena ɗaya, ta san takardun da mai saye a waje yake bukata, da ƙungiyarsu ta adashe ta zama kamfanin fitar da kaya.

Na faɗa wa 'yata duk wannan a hanyarmu ta dawowa, ina ganin na samo mafitar da za ta kwantar da hankalin gida: ga harkar jiragen ruwa, ga kuma kwana a Jos. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Gwaggo, gaskiya ne, kuma ƙawayena da yawa za su so haka. Amma ni jirgin nake so in tuƙa."

To, a nan maganar ta yi nauyi, kuma ba zan ɓoye mata ko in ɓoye wa mai karatu ba. Rahoton da manyan ƙungiyoyin masu jirage na duniya, BIMCO da ICS, suka fitar a 2021 ya ƙiyasta ma'aikatan cikin jirgi miliyan 1.89, mata a cikinsu 24,059 ne, ko kashi 2 cikin 100 ba su kai ba. Kuma difloma kaɗai ba ta mai da mutum jami'in jirgi. Yarjejeniyar duniya ta STCW, wadda aka ƙulla a 1978 aka yi mata babban gyara a Manila a 2010, ta wajabta wa mai neman lasisin tsaron ɗakin tuƙi ya yi aƙalla wata 12 yana koyo a cikin jirgin da ke tafiya a teku. Nan ne ɗaliban Najeriya, maza da mata, suka fi maƙalewa. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, a jiragensa ɗalibai ke samun gurbi a da, an rushe shi a 1995. A 2008 hukumar kula da harkar jiragen ruwa ta ƙasa, NIMASA, ta fara shirin tura matasa karatun jirgi a ƙasashe irin su Indiya da Filifin da Masar, amma shi ma neman gurbin koyo a teku ya daɗe yana ba shi wahala. In gurbi ya yi ƙaranci, mace ce ake fara tsallakewa, a ce jirgin ba shi da ɗakin mata.

Sai kuma abin da ke hana Yaya cin abinci, wanda ban raina shi ba ko kaɗan. Yarinya ita kaɗai cikin maza ashirin, wata shida ba ƙasa, ba uwa ba muharrami. Cin zarafi a cikin jirgi abu ne da ke faruwa, shi ya sa a 2016 aka ƙara batun tsangwama da muzgunawa a yarjejeniyar ƙwadagon ma'aikatan jirgi ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013. Uban da ya ji tsoron wannan ba jahili ba ne. Inda na saba da shi shi ne maganin. A ganina abin yi shi ne a bincika kamfani kafin a sa hannu, a nemi jirgin da ke ɗaukar mata biyu ko uku tare, a haɗa ta da matan da suka riga ta. Akwai su, kuma suna da ƙungiya: WISTA, wadda aka kafa a Landan a 1974, tana da reshe a Najeriya tun 1994. Hukumar jiragen ruwa ta duniya ma ta ware 18 ga Mayu a matsayin ranar matan wannan fanni, an fara bikinta a 2022. Ban da haka, ba kowane jirgi ne ke wata shida a teku ba. Akwai masu jan manyan jirage zuwa matsaya a Apapa da Onne da Lekki, akwai masu kai kaya rijiyoyin mai su dawo cikin makonni.

A kan tudu kuwa mata sun riga sun hau kujerun da ake ganin ba nasu ba ne. Shugabar farko ta NIMASA a 2006 mace ce, Mfon Usoro. Vicky Haastrup ta daɗe tana jagorantar ƙungiyar kamfanonin da ke gudanar da tashoshin ruwa. Daga 2016 zuwa 2021 kuwa, wadda ke riƙe da dukkan tashoshin jiragen ruwa na Najeriya 'yar Zariya ce, Hadiza Bala Usman, mace ta farko a wannan kujera. Zariya ma ba ta da teku. Da na lissafa su a gida, na lura wannan sunan na ƙarshe ne kaɗai ya sa matar Yaya ta ajiye tsintsiya ta juyo.

Kwana na uku muka hau Shere, duwatsun gabashin gari da ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. A gindinsu akwai makarantar horar da jagoranci da kowa ya fi sani da Man O' War. Sunan na wani lungun teku ne kusa da garin Victoria, wanda yau ake kira Limbe a Kamaru. Can aka kafa ta a 1951. Da Kudancin Kamaru ya rabu da Najeriya a 1961 aka kwaso ta zuwa Kurra a nan Filato, daga baya ta zauna a Shere, tana kuma da 'yar'uwa ta horon ruwa a Apapa. Daga saman dutse ana hango yadda tudun ke raba ruwan sama. Wanda ya gangara ta yamma ya shiga Kogin Kaduna, ya haɗu da Neja, ya kai teku. Na gabas ya bi Gongola zuwa Binuwai, shi ma ya kai. Dilimi kuwa, wanda ya ratsa tsakiyar Jos, arewa yake yi, ya faɗa Jama'are ya nufi Tafkin Chadi, bai taɓa ɗanɗana gishiri ba.

A can saman ne na yi mata tambayar da ta fi kowacce sauƙi: "Kin iya ruwa?" Ta sunkuyar da kai. Ba ta iya ba, kuma ba ta san yarinya ko ɗaya a ajinsu da ta iya ba. Dalilin a fili yake. Tafkunan kuza sun ci yara da yawa, gefensu a miƙe yake, zurfinsu ba a sani ba, don haka kowace uwa a Jos da "kada in gan ki kusa da ruwa" take renon 'yarta. Gari mai ɗaruruwan tafkuna, 'ya'yansa mata ba su iya iyo ba. Alhali horon farko da ake yi wa duk mai shiga jirgi ya haɗa da dirowa cikin ruwa daga sama da rigar ceto, da juya kwalekwalen ceto in ya kife, da iya zama a saman ruwa ba tare da rigar ba.

Wannan kuma ya wuce maganar 'yata. Mu mutanen Kano ba mu manta ranar 30 ga Nuwamban 2021 ba, da kwalekwale ya kife a ruwan Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A Mayun shekarar nan ɗin an yi wanda ya fi shi muni a Warra ta Jihar Kebbi. Waɗanda ke cika jiragen nan mata ne da yara masu zuwa kasuwa da biki da maulidi. Ruwayenmu na cikin ƙasa suna bukatar masu duba lafiyar jirgi, da masu hana lodin wuce kima, da masu koyar da sa rigar ceto, kuma mace ce za ta iya shiga har cikin gida ta koya wa mata. Ko don wannan kaɗai, ya kamata kowace babbar makarantar 'yan mata a Arewa ta sami wurin koyon iyo mai katanga, da malama mace.

Daren ƙarshe muka zauna da Yaya a falonsa, garwashi a kasko saboda sanyi. Shi ɗan kasuwa ne, fitilu da batiran sola yake sayarwa, kuma kayansa ta ruwa suke zuwa, a kwantenar haɗaka da wasu 'yan kasuwa. Ban fara da maganar yarinya ba. Na tambaye shi labarin kayansa na bara, sai ya buɗe baki: yadda wani ejan a Legas ya yi kuskure a takarda, kwantena ta kwana makonni, kuɗin jinkiri ya cinye ribar, shi kuma yana nan Jos ba abin da ya iya sai buga waya. Na ce, "Yaya, da a ce mai riƙe da takardar nan jininka ne fa?" Ya ce, "Wannan daban, shiga teku daban." Na ce haka ne, amma makarantar ɗaya ce, kuma shekara biyun farko a kan ƙasa ake yin su. Na tuna masa cewa kakarmu ta haye Bahar Maliya daga Sudan zuwa Jidda a jirgin ruwa, bayan tafiyar ƙasa ta shekara da shekaru, kuma har ta rasu da wannan ake yi mata kirari a dangi. Ya ce, "Ita ai da mijinta ta tafi, kuma ɗakin Allah ta nufa." Na ce gaskiya ne. Muka yi shiru, garwashi yana ta ƙara.

Can ya sa aka kira ta. Ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce bai ce e ba, bai kuma ce a'a ba. Sharaɗinsa uku: ta ci jarrabawa da ƙoƙarinta, ta koyi ruwa a hannun mace kafin ta bar Jos, kuma shi da ƙafarsa zai je ya ga makarantar da ɗakin kwanan mata kafin ya biya ko sisi. Maganar shiga teku kuma, sai lokacinta ya zo. Ta ce, "Na gode, Baba," muryarta na rawa. Matar Yaya, wadda ashe tana tsaye bayan labule, ta ce ta san wata malamar motsa jiki a unguwar Tudun Wada da ta iya iyo, gobe za ta neme ta.

Da safe Yaya ya kai ni tasha a motarsa. Hazo ya rufe gari, masu shayi sun hura wuta, 'yan kamasho suna kiran Kano, Bauci, Kaduna. Ya biya mini kuɗin mota, ya sa aka ɗaura mini ƙaramin buhun dankali da ƙullin acca a but. Na zauna kusa da taga ina jiran mota ta cika. Ta gilashi na hango shi bai koma motarsa ba, ya tsaya da wani dattijon ɗan kamasho, ya ciro biro da 'yar takarda daga aljihu. Na sauke gilashin kaɗan. Tambayarsa yake daga wace tasha motar Uyo take tashi, ƙarfe nawa, kuma daga Uyo zuwa Oron awa nawa ne.